Yadda ake kafa murhun itace na ɗumama gida ba tare da jefa iyali cikin haɗari ba

Murhun da ake magana a kansa shi ne akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi wanda ake hura wutar itace a cikinsa don ɗumama falo a ƙasashen sanyi, hayaƙinsa kuma ya bi bututu ya fita ta saman rufi. Ma'aunan da ke cikin wannan bayani na Ingila da Wales ne, daga kundin J na dokokin gine-gine, saboda a can an rubuta komai da lamba, kuma 'yan'uwa mazauna can da yawa suna shiga gidajen da ke da tsohuwar kafar hayaƙi ta bulo. Sai dai halin wuta ɗaya ne a ko'ina. Wanda zai sa maƙeri ya haɗa masa irin wannan murhu a Jos ko a tsaunin Mambila zai amfana da waɗannan lambobi kamar yadda mazaunin Bamingam zai amfana.

Mai saye yakan ɓata kwanaki yana zaɓen akwatin, launinsa da faɗin gilashinsa. Amma abin da ke ƙona gida ko ya halaka mutane a barci ba kasafai yake fitowa daga akwatin ba. Daga abubuwa uku yake fitowa: hanyar fitar hayaƙi, hanyar shigar iska, da tazarar da ke tsakanin zafi da duk abin da ke cin wuta.

Izini da girman murhu

A Ingila kafa murhu aiki ne da sai hukuma ta san da shi. Ko dai ka ɗauki ma'aikaci mai rajista da hukuma irin HETAS, ya yi aikin ya ba ka takardar shaida, ko kuwa ka sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukumarka kafin ka fara, su zo su duba bayan an gama. Adana takardar nan da kyau. Kamfanin inshora zai neme ta idan gobara ta tashi, lauyan mai saye ma zai neme ta ranar da za ka sayar da gidan. Ɗan haya kuwa kada ya taɓa komai sai da rubutaccen izinin mai gida. Idan akwai tsohuwar hita ta gas a gurbin, ma'aikaci mai rajistar aikin gas ta Gas Safe ne kaɗai zai cire ta ya toshe layin.

Bincika kuma ko unguwarka tana cikin yankunan da aka hana hayaƙi. Tsarin ya samo asali ne daga dokar tsabtar iska ta 1956, wadda aka kafa bayan baƙin hazon da ya rufe Landan a Disamba 1952 ya kashe dubban mutane. Yawancin Landan da Bamingam da Manchesta suna ciki. A irin waɗannan wurare murhun da ma'aikatar muhalli, wato Defra, ta amince da shi kawai ake ƙona wa itace, kuma tarar fitar da hayaƙi tana kaiwa fam 300. Tun Janairun 2022 duk sabon murhun da ake sayarwa dole ya cika ma'aunin rage hayaƙi da ake kira Ecodesign.

Girma kuwa da lissafi ake zaɓensa. Ninka tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa a mita, ka raba da 14, abin da ya fita shi ne kilowat ɗin da kake bukata a gida mai matsakaicin riƙe ɗumi. Falo mai mita 5 da mita 4 da tsayin mita 2.4 ya ba da 48. A raba da 14 ya zama kusan 3.4. Murhu mai kilowat 4 ko 5 ya ishe shi. Kada ka sayi mai kilowat 8 da tunanin gara ya yi yawa. Babban murhu a ƙaramin ɗaki yana tilasta wa mutum ya riƙa shaƙe masa iska don rage zafi, wutar da aka shaƙe kuwa ita ke cin itace a hankali tana fitar da hayaƙi mai kauri, hayaƙin ya daskare a cikin bututu ya zama kwalta.

Dandamali da tazara

Ba a ɗora murhu a kan katako ko kafet ko leda. Ana ɗora shi a kan dandamali na abin da ba ya cin wuta: dutse, kankare, bulo, tayil ko gilashin da aka yi don wannan aiki. Idan murhun a tsaye yake a fili, ba cikin gurbi ba, dandamalin kada ya gaza milimita 840 a tsawo da 840 a faɗi. Ya zarce gaban ƙofar murhun da aƙalla milimita 225, ko 300 idan murhun irin wanda ake iya barin ƙofarsa a buɗe ne, ya kuma zarce gefe da baya da milimita 150. Shawararmu a yi 300 a gaba ko da doka ta yarda da 225, saboda garwashi idan ya gangaro lokacin ƙara itace yakan yi nisa.

Kauri ya danganta da murhun. Idan takardar kamfani ta nuna cewa zafin da yake sauke wa ƙasa bai wuce digiri 100 na ma'aunin Celsius ba, milimita 12 ya isa, har a kan daɓen katako. Idan ba ta faɗi haka ba, sai kankare mai kaurin milimita 125 da sararin iska na milimita 50 a ƙarƙashinsa, ko mai kaurin 250 idan zai zauna kai tsaye a kan katako. Bakin dandamalin ya ɗan ɗara daɓen ɗaki tsayi, yadda kowa zai ga iyakarsa kada a ja tabarma ko kafet a hau kai.

Tazarar jikin murhu da bango mai cin wuta kamfani ne ke faɗa, tana rubuce a takarda da kuma farantin da ke manne a bayansa. Bi ta yadda take. A nan mutane ke ruɗuwa, domin bangon gidajen Turai da yawa allon filasta ne da aka kafa a kan sandunan katako. Ido yana ganinsa kamar gini, alhali a lissafin wuta yana cikin masu ci. Manna tayil a kansa ba ya canza komai, zafi yana ratsa tayil ya isa katakon da ke baya. Katakon da ke shan zafi shekara da shekaru yana bushewa ya fara zama gawayi a ɓoye, har ya kai matsayin da zafin da bai isa ya kunna sabon katako ba ya kunna shi. Shi ya sa ake samun gobara a gidan da murhunsa ya yi shekaru yana aiki lafiya. A saka labule, kujera, talabijin, katakon ado na saman gurbi da kwandon itace duka a cikin wannan lissafi.

Idan wuri ya yi ƙunci, ana sa garkuwar zafi: farantin ƙarfe ko allo mara cin wuta da aka ɗaure a bango da sararin aƙalla milimita 12 a bayansa, sama da ƙasa a buɗe don iska ta riƙa ratsawa. Sararin ne ke yin aikin. Farantin da aka manna a jikin bango ba garkuwa ba ne.

Bututun hayaƙi

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata yawancin kuɗin su tafi. Hayaƙi mai zafi ya fi iskar waje sauƙi, don haka yake tashi, tashinsa kuma shi ke jawo sabuwar iska cikin murhu. Wannan shi ne jan bututu. Duk abin da ya sanyaya hayaƙin ko ya tare masa hanya yana kashe jan, hayaƙi ya dawo ɗaki.

Guntun bututun da ke fita daga murhu mai bango ɗaya ne, kuma yana yin zafi ƙwarai. Ana yin sa da ƙarfe mai kaurin milimita 3, ko ƙarfe mara tsatsa mai milimita 1, ko ƙarfen da aka yi wa rufin tangaran. Kwanon rufi da bututun ruwa mai farin shafi ba su dace ba: suna cinyewa da wuri, shafin kuma yana fitar da tururi mai cutarwa idan ya ji wuta. Tazarar wannan bututu da duk abin da ke cin wuta ninki uku ce na faɗinsa. Mai faɗin milimita 125 yana bukatar 375, mai 150 yana bukatar 450. Da garkuwa irin wadda aka bayyana, tazarar ta koma ninki ɗaya da rabi. Kada ya ratsa silin ko bango ko rufi ko kaɗan, aikinsa ya ƙare a cikin ɗakin da murhu yake.

Wajen haɗa gaɓoɓi, siririn baki yana duban ƙasa ya shiga cikin faffaɗan bakin wanda ke ƙarƙashinsa. Da yawa suna juya shi saboda suna ganin hayaƙi sama yake tafiya. Dalilin shi ne ruwan kwalta da ke gangarowa: idan an haɗa daidai zai bi cikin bututu ya koma murhu ya ƙone, idan an juya zai tsiyayo ta waje, baƙi mai wari, kuma mai kama wuta. A toshe mahaɗar bututu da murhu da igiyar wuta da simintin wuta.

Faɗin bututu kada ya gaza bakin murhu. Milimita 125 ya halatta ga murhun da Defra ta amince da shi, sauran masu ƙona itace 150 ne. Tsayi daga murhu zuwa bakin fita ya kai aƙalla mita 4.5. Miƙaƙƙen bututu ya fi kowanne. Idan dole a karkata, kada gwiwa ta wuce digiri 45 daga tsaye, kada gwiwoyi su wuce huɗu gaba ɗaya. Kwantar da bututu an yarda da shi ne kawai daga bayan murhu, shi ma kada ya wuce milimita 150, domin a kwance toka ke taruwa ta toshe hanya. A bar ƙofar shara a inda buroshi ba zai iya bi ta cikin murhu ba.

Idan gidan yana da kafar hayaƙi ta bulo, a fara kiran mai share ta. Zai fitar da tsohuwar kunkunniya da sheƙar tsuntsaye, sannan ya kunna ƙwayar gwaji mai fitar da hayaƙi a ƙasa ya toshe sama ya duba ko yana ɓulla a ɗakunan bene ko cikin rufi. Kafofin da aka gina kafin tsakiyar shekarun 1960 yawanci bulo ne tsirara ba shimfiɗa a ciki, siminti tsakaninsu ya zube, kuma sun yi wa murhun zamani faɗi, hayaƙi yana sanyi kafin ya kai sama. Maganinsu zura bututu mai lanƙwasa na ƙarfe mara tsatsa daga sama har ƙasa. Ana bambanta irin ƙarfen da lamba: lamba 316 ta isa ga mai ƙona busasshen itace kawai, lamba 904 ta fi juriya ga mai yawan amfani ko mai haɗawa da gawayin kwal. Akwai kibiya a jikinsa, ta dubi sama. A zura shi guda ɗaya ba tare da haɗi a tsakiya ba. Idan kafar tana jikin bangon waje, a naɗe shi da bargon zafi ko a cika gefensa da bamikulait, wata tsakuwa mara nauyi mai riƙe zafi, don ya riƙe ɗumi. A ƙasa ana rufe bakin kafar da farantin ƙarfe a toshe gefensa, a sama a ɗaure bututun da hula mai raga.

Idan babu kafa, ana amfani da bututu mai bango biyu da abin riƙe zafi a tsakani. Tazararsa da katako yawanci milimita 50 zuwa 60 ce, amma lambar kamfanin ita ce hukunci. Mai bango biyun ya fara tun a cikin ɗaki, ƙasa da silin da nisan da zai bai wa mai bango ɗaya tazararsa ta ninki uku. Inda ya ratsa silin ko daɓen bene a sa farantin tare wuta na kamfanin, kada haɗin gaɓa ya faɗo a cikin kaurin silin inda ido ba ya gani, kada kuma a tura audugar riƙe ɗumi ta cikin rufi ta manne masa. A ɗakin bene da cikin rufi a kewaye shi da kariya don kada kaya su jingina da shi. Kada a gauraya sassan kamfanoni biyu, makullansu ba sa shiga juna daidai. Nauyinsa ya hau kan maɗauran bango da na rufi, ba kan murhu ba.

Bakin fita yana da nasa ma'auni. Idan bututun ya fito a ƙololuwar rufi ko cikin milimita 600 daga gare ta, ya ɗara ta da milimita 600. Idan ya fito a gangaren rufi, ya tashi aƙalla mita 1 daga inda ya huda, kuma daga bakinsa zuwa rufin, idan an auna a kwance, ya kai mita 2.3. Idan akwai tagar da ake buɗewa cikin mita 2.3, ya ɗara samanta da mita 1. Gajeren bututu yana faɗawa cikin iskar da ke juyawa a bayan rufi, ita kuma ta danna hayaƙi ƙasa. Mazauna Amurka su lura nasu lissafin daban ne: ƙafa 3 sama da inda ya huda rufi, ƙafa 2 sama da duk abin da ke cikin ƙafa 10, tazarar bututu mai bango ɗaya inci 18, ta murhun da ba a gwada ba inci 36.

Iska da ƙararrawa

Duk hayaƙin da ya fita, dole iska ta shigo ta maye gurbinsa. A tsohon gida mai 'yan kafofi, murhun da bai wuce kilowat 5 ba ba ya bukatar huda bango. Abin da ya haura 5, kowane kilowat yana bukatar murabba'in milimita 550 na kafa a buɗe: mai kilowat 8 ke nan 1,650. A gida mai matsewa sosai, kamar yawancin waɗanda aka gina daga 2008, ana lissafa kilowat ɗin duka, mai 8 ya zama 4,400. Tsohon gidan da aka canza wa tagogi aka toshe kafofinsa ya matso kusa da wannan rukuni. Kafar iskar ba ta da murfi, kuma ba a cusa mata tsumma don ana jin sanyi. Wanda ba ya son iska a ƙafarsa ya sayi murhun da ake jawo wa iska ta bututu kai tsaye daga waje.

Fankar da ke zuƙe hayaƙin girki tana iya rinjayar jan bututu ta jawo hayaƙi cikin ɗaki, musamman a gidan da falo da kicin suke haɗe. A gwada murhun da dukan fankokin gida a kunne, ƙofofi da tagogi a rufe.

Abin da ake tsoro shi ne iskar kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar numfashi sau sama da 200. Ita ce dai ke kashe masu shigar da kaskon garwashi ɗaki su rufe ƙofa a sanyin hunturu. Tun Oktoban 2010 doka a Ingila ta wajabta ƙararrawar gano ta a duk ɗakin da aka sa sabon murhu. A sayi mai lambar BS EN 50291. A kafa ta tsakanin mita 1 zuwa 3 daga murhu, ko a silin da nisan milimita 300 daga bango, ko a bango sama da ƙofofi da tagogi amma ƙasa da silin da milimita 150. Ƙararrawar hayaƙi ba ta maye gurbinta, kowacce da aikinta. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala da suka kama mutanen gida lokaci ɗaya, suka kuma sauƙaƙa idan an fita waje, alama ce babba. A buɗe tagogi, a fitar da kowa, a nemi likita, kada a sake hura murhun sai an duba shi.

Gwaji da wutar farko

Bayan an gama haɗi, a ɗumama bututu na minti goma da fitilar gas ko 'yar takarda, a kunna ƙwayar hayaƙi a cikin murhu a rufe ƙofa. Mutum ɗaya ya tsaya a waje ya tabbatar hayaƙin yana fita ta bakin da ya dace kawai, wani ya bi kowane haɗi da kowane ɗaki har cikin rufi. Sannan a manna farantin bayani kusa da mitar lantarki ko wani wuri mai sauƙin gani, mai ɗauke da irin bututun, faɗinsa da ranar kafawa.

Wutar farko ƙanana ake yi, sau uku ko huɗu, ana ƙara girma a hankali, don fenti ya gasu, siminti ya bushe ba tare da tsagewa ba. Fentin zai yi wari da ɗan hayaƙi, a bar taga a buɗe, a fitar da yara da masu asma. Wajen hurawa, jera manyan itace biyu a ƙasa, ƙirare a kansu, abin kunnawa a can sama, dukan kafofin iska a buɗe. Wutar da ta fara daga sama tana ɗumama bututu da wuri, hayaƙinta kuma kaɗan ne. Kananzir da fetur ba su da wuri a nan.

Itace ya zama damshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Ɗanye sabon sara yana kai kusan rabi ruwa, kuma mai tauri kamar itacen oak na Turai yana bukatar kimanin shekara biyu a faskare, a jere a inda iska ke ratsawa, sama a rufe gefe a buɗe. Tun Mayun 2021 an hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri a Ingila, nemi tambarin Ready to Burn mai nuna busasshen itace. Sayi ɗan ma'aunin damshi, ka faskara itace ka soka ƙusoshinsa a sabuwar fuskar, domin bayan itace yana bushewa ciki na jiƙe. Kada a ƙona katako mai fenti ko magani, filayud, roba ko shara. Ma'aunin zafi mai maganaɗisu a jikin bututu yana taimakawa sosai: tsakanin digiri 130 da 250 wuta na ci daidai, ƙasa da haka kwalta na taruwa, sama da haka ƙarfe na wahala. Gilashin da ke yin baƙi kullum yana gaya maka ko itacen jiƙaƙƙe ne ko iska ta yi kaɗan. Cika murhu da dare a shaƙe shi don a tarar da wuta da safe ita ce hanya mafi sauri ta tara kwalta.

A share bututu sau biyu a shekara ga mai ƙona itace, kafin sanyi ya shigo da kuma bayan an sha amfani. Toka a kwashe ta a bokitin ƙarfe mai murfi a kai waje nan take, nesa da bango da kwandon shara, domin garwashi yana kwana biyu da rai a cikinta yana fitar da iskar nan mai kisa. Gidan da ke da ƙananan yara a kewaye murhun da shingen ƙarfe da aka ɗaure a bango. Duk wata a gwada igiyar da ke toshe bakin ƙofar murhu: maƙale takarda ka rufe, idan ta zare cikin sauƙi igiyar ta mutu, a sauya ta.

Idan kwalta ta kama wuta a cikin bututu, za a ji ruri mai ƙarfi, tartsatsi na tashi ta sama, zafin ciki yana iya haura digiri 1,000. Rufe ƙofar murhu da dukan kafofin iskarsa, fitar da kowa, kira 999, lambar gaggawa ta Birtaniya. Kada ka watsa wa murhun ruwa, ƙarfen zai iya tsagewa. Ko da wutar ta mutu da kanta, a bar masu kashe gobara su duba cikin rufi, kuma kada a sake hurawa sai ƙwararre ya zura kyamara ya tabbatar bututun bai fashe ba.